Shawarwarin ɗalibanmu da suka baro Khartum

Wasu ɗaliban da suka dawo daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023 sun zauna da mu a Tudun Wada, suka ba mu labarin yadda ake rayuwa rokoki na sauka a unguwa.

Kowa da maganar ruwa ya fara. Ana ɗauke wuta famfo ke ƙafewa, saboda haka a cika jarkoki tun da sauran hali. Da an ji ƙara, a nisanci taga, a shige ɗakin da ke tsakiyar gida a kwanta. Kada a ruga kallon inda ta faɗa, wata na iya biyo baya, kuma wadda ba ta fashe ba a hana yara matsawa kusa da ita.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne girkin haɗaka. Matasan unguwanni suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, ana karo-karo, a ɗora babbar tukunyar wake, kowa ya kawo kwanonsa, baƙo da ɗan gari. Sun ce a san gidan tsoho mai zaman kaɗaici da mai ciwon suga, a riƙa leƙa su kullum. Wallahi wannan mu ma muna bukatarsa a Kaduna.

A kan tafiya ko zama ne aka sha bamban. Waɗanda suka bi mota zuwa Masar sun kwana kwanaki a kan iyaka, amma duk da haka yawanci suka ce a fita da wuri, fasfo da tsabar kuɗi a jiki, domin banki na iya tsayawa. Mai ɗan uwa a can kuma ya tura gajeren saƙo maimakon kira, cajin waya na da wuyar samu.