Fawa-fak ɗin kwamfutata yana wani irin kuka: in buɗe shi ko in canza?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu ilimin kwamfuta, don Allah ina neman shawararku. Ina da kwamfuta ta tebur da nake aikin zane da ita, kwanan nan akwatin wutarta, wato fawa-fak, ya tsiro da ƙarar da ban san shi da ita ba. Iri biyu ce. In na kunna da safe sai in ji "gurrr" ta baya, wajen da wayar wuta take shiga, har teburin yana ɗan karkarwa, in an jima sai ta lafa. Ta biyun siririya ce, "tsiii", kamar kukan gyare, ita kuma ko na kashe kwamfutar ba ta bari sai na zare filogi daga bango. Kwamfutar ba ta mutuwa da kanta, ban kuma ji ƙauri ba. Niyyata in kwance shi in share ƙura in ɗiga wa fankar mai. Da matsala? Tsorona kada ya ƙone min madabod, wato babban allon da kayan kwamfutar suke haɗe a kansa, ina tsaka da aikin mutane.

Wani memba:
Wa alaikumus salam. Ƙura ce kawai, ɗan uwa. Noti huɗu ne, ka kwance, ka ɗaga sitikar da ke bayan fankar, ka ɗiga man keken ɗinki. Na sha yi, lafiya lau.

Mai gyaran kwamfuta:
A'a Malam, a yi haƙuri, wannan shawarar ba da ni ba. Fankar jikin kwamfuta ka kwance ta ka yi mata duk abin da kake so. Fawa-fak daban ne. A cikinsa akwai babbar kafasita da ke tara wuta kusan bolt 400, kuma zare filogi ba ya tabbatar da cewa ta sauke. Galibi akwai abin da ke zuƙe wutar a hankali, to amma fawa-fak ɗin da ya fara ciwo ai ba ka san me ya mutu a cikinsa ba. Sukudireba ta goce, ko yatsa ya taɓa ƙarfen da ke kwashe zafi, labari ya canza. Ga shi kuma da ka yaga sitikar da ke kan notin, garanti ya tashi.

Mai tambaya, kafin komai ka tabbatar daga ina ƙarar take. Kunne yana yaudara, domin jikin kwamfutar ƙarfe ne, sauti yana bin sa ya fito ta wani gefen. Buɗe murfin gefe, ka naɗe takarda ta zama bututu, baki ɗaya a kunnenka, ɗayan kana kai shi kusa da kowace fanka: ta furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), ta katin hoto (mai sarrafa hoton da ke fitowa a allo), na jikin akwatin, sannan ragar fawa-fak. Na jikin akwatin kana iya dafa tsakiyarsu da yatsa na daƙiƙa ɗaya ka ji ko gurnanin zai ɗauke. Amma ta fawa-fak kada ka zura mata komai ta raga, balle ƙarfe. Ka kuma duba ko wata waya ce ta sako tana gogar fiffiken fanka, domin wannan ma yana ba da "ƙirrr" mai tayar da hankali alhali ɗaure wayar kawai ake bukata.

In ka ga ba ka gamsu ba, ware shi shi kaɗai. Kashe, zare filogi, cire duk wayoyinsa daga madabod da sauran kayan. A babban soket mai rami 24 akwai koriyar waya guda ɗaya. Haɗa ta da baƙar da ke gefenta da kilif ɗin takarda, sannan ka mayar da wuta. In wayoyin duk baƙaƙe ne, rami na 16 ake haɗawa da na 15 ko na 17, amma duba takardar kamfanin kafin ka taɓa. Zai tashi shi kaɗai, duk abin da ka ji nasa ne. Wasu na zamani ba sa juya fanka sai sun ɗauki kaya ko sun yi zafi, don haka in ka ga ta tsaya cak ba lallai ta mutu ba.

Wata memba:
Ni abin da zan ƙara, in akwai tsohon had-disk mai juyawa a ciki, wato ma'ajiyar fayiloli, ka kwafe ayyukanka yau ɗin nan kafin ka fara gwaje-gwaje. Shi ma yana "ƙas, ƙas" in ya kusa tafiya, kuma a wasu akwatunan yana maƙwabtaka da fawa-fak, sai a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Fawa-fak ana sayen wani, zanen mutane fa?

Tsohon ma'aikacin lantarki:
Yarona, ƙararrakin da ka lissafa ba su ne ke hana ni barci ba. Wadda nake so kowa ya sani ita ce "tas-tas" ko "cirrr" irin ta tartsatsi, musamman in da ƙauri ko warin roba. Wannan ba a tsayawa saurare. A kashe daga bango nan take. Sau da yawa ma laifin ba na cikin akwatin ba ne, wayar wuta ce bakinta ya saki, ba ta kama ƙarafan nan uku da kyau, wuta tana tsalle a tsakani. Zare ta ka duba: in ka ga baƙi-baƙi ko robar ta narke, jefar da ita, ka kuma duba inda take shiga ko ya yi baƙi shi ma.

Sai "ƙas" guda ɗaya lokacin kunnawa ko kashewa. Wannan rile ne a ciki, wato ɗan makunni mai haɗa wuta da yanke ta da kansa, aikinsa ke nan, ba ciwo ba ne. Amma in yana ta "ƙas, ƙas, ƙas" fanka ta motsa ta tsaya, ta motsa ta tsaya, to kariyarsa ce take yanke wuta saboda ta ga wani abu ya haɗe, ko a cikinsa ko a kayan da yake ciyarwa. Nacewa da danna maɓalli a wannan hali shi ke jawo asara.

Kana da UPS, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta? In wuta ta ɗauke ya koma batir sai ka ji "zzzz" mai kauri, yawanci UPS ɗin ne ke ba da wuta mai tsani-tsani maimakon mai santsi, kuma fawa-fak na zamani da yawa ba sa shiri da irinta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kwafe aikina tukuna kamar yadda Hajiya ta ce. Na yi gwajin bututun takarda, na kuma ware shi da kilif. Gurnanin nasa ne, ba shakka: fankar tana tashi da kyar tana ɗan layi, kamar ba a tsakiya take ba. Wayar wutar tsaf take, Baba, babu baƙi, kuma ba ni da UPS. Siririyar ƙarar ita ma daga cikinsa take, amma na lura da an kunna kwamfutar sai ta ɓace. Oga mai gyara, me ka gani?

Mai gyaran kwamfuta:
To, yanzu magana ta fito. Siririyar ba ta dame ni sosai ba. Ko kwamfuta tana kashe, akwai ɗan ɓangare a fawa-fak da ke ba da bolt 5 na jiran ko-ta-kwana, shi ya sa maɓallin kunnawa yake aiki, wasu ramukan USB ma suna caji. In kayan da ke kansa kaɗan ne, koyil ɗinsa, wato naɗin wayar da ke ciki, yana karkarwa da saurin da kunne ke kamawa, shi ne fiton da kake ji. Akwai sababbi fil masu yin haka. Shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga lokacin kunnawa, ka nemi ErP, saitin rage cin wuta in kwamfuta tana kashe, ka kunna, ko ka riƙa kashe maɓallin bayan akwatin in ka tashi aiki. Sai dai tunda ka ce da can ba ya yi, yana iya zama alamar ƙananan kafasitocin wannan ɓangaren sun fara gajiya.

Gurnanin kuwa boris ɗin fankar ne ya ci, wato abin da fankar take juyawa a kansa. Man cikinsa ya bushe, shi ya sa take kuka da sanyi, in ta ɗumama ta yi shiru. Mutane suna jin daɗi ranar da kukan ya ɓace gaba ɗaya, ba su san wani lokaci fankar ce ta tsaya ba, kayan ciki suna ta dahuwa. Ka riƙa kai hannu bayan ragar kana jin iska. Ƙura kuma ana hure ta daga waje da bulowa, filogi a zare, a tokare fiffiken da ɗan tsinken roba kada iska ta juya shi fiye da kima.

In da garanti, mayar musu; kamfanoni masu kyau suna ba da shekara 5 zuwa 10. In babu, ni canzawa zan ce, tunda alamu biyu sun haɗu a abu ɗaya. Kafin nan, in kana da mitar auna bolt ka auna: layin bolt 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na 5 tsakanin 4.75 da 5.25. Ya fita daga nan, kada ka sake jona shi da madabod.

Wani memba:
Na ji, amma ai fankar kaɗai ake canzawa, ba sai an zubar da akwati sukutum ba.

Mai gyaran kwamfuta:
Ana canzawa, a hannun wanda ya san yadda ake sauke kafasita, kuma in fawa-fak ɗin mai daraja ne da bai tsufa ba. Ɗiga mai kuwa jinkiri ne kawai, boris ɗin da ya ci ba ya komawa.

Mai tambaya, in za ka sayi sabo, kada tambarin 80 Plus kaɗai ya ja ka. Shi ƙarancin asarar wuta yake aunawa, ba ingancin kayan ciki ba. Kuma in irin wanda wayoyinsa ke cirewa ne, yi amfani da waɗanda suka zo a kwalinsa kawai. Bakin yana iya shiga daidai amma jerin wutar ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, tsohuwar waya guda ɗaya tana iya kashe maka disk. Turo mana sunan furosesa da katin hotonka mu lissafa maka wat nawa zai ishe ka.