Neman shawara: bin hanya ta 50 a Nevada cikin hunturu tare da iyali

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin damuwa, kuma ina roƙon waɗanda suka san yammacin Amurka su taimaka mini. Shekara uku ke nan ina yi wa maiɗakina alkawarin fita yawon buɗe ido, aiki yana hana ni. Bara har mun ɗaure kaya aka soke mini hutu, ta kwance jakunkunan ba ta ce uffan ba, shirun nan kuwa har yau yana ci mini rai. Bana na samu kwana shida a ƙarshen Disamba. Niyyata mu tashi daga Reno mu bi hanya mai lamba 50, wadda mujallar Life ta kira hanyar da ta fi kowace kaɗaici a Amurka a 1986, mu ratsa Fallon da Austin da Eureka, mu kwana a Ely, washegari mu shiga gandun Great Basin mu ga kogon Lehman. Na riga na biya kuɗin masauki. Sai wani abokin aikina ya ce ganganci nake yi, tun daga ranar na kasa barci. Me kuke gani?

Yayarku: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka ba mu labarin hutunka, amma ba ka faɗi irin motar ba, ba ka kuma ce ko da yara za a tafi ba. Ka taɓa tuƙi a kan dusar ƙanƙara?

Tsohon direba: Malam, ka saurare ni da kyau, domin na bi hanyar nan da babbar mota ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Jama'a suna jin an ce hamada sai su ɗauka zafi ne, alhali ita wannan a kan tudu take, kwari ne da tsauni, kwari da tsauni, har ka isa Ely. Daga Fallon zuwa Austin mil 110 ne, kuma da zarar ka bar Austin sai hanya ta yi ta murɗewa tana hawa har sama da ƙafa 7,400. Abin tsoro a wurin shi ne siririyar ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kan kwalta inda inuwar dutse ta faɗa, ido yana ganin hanya baƙa a bushe, taya kuwa ba ta da abin kamawa. Kada tankinka ya sauka ƙasa da rabi. Ka sayi sarƙar taya, ka koyi ɗaura ta a ƙofar gida tun hannunka bai daskare ba. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, bayan nan kuma barewa da shanu ne a kan titi.

Baban yara: Ni ban yarda da batun sarƙa ba idan motar ta haya ce, domin yawancin kamfanoni sun hana. Wani kamfani ya taɓa cire mini kuɗi masu yawa saboda ɗan kwarzane a gefen taya wanda na tabbata da shi na karɓi motar, na yi wata biyu ina kiran waya, babu wanda ya saurare ni. Ka bi babbar hanya ta 80 ta Winnemucca da Elko, inda ake yawan share ƙanƙara kuma motoci ba sa yankewa.

Mai neman shawara: Na gode. Motar ta haya ce, ƙarama, mai ja da tayoyin gaba, kuma muna da jariri ɗan wata tara. Amma Yaya, na yi tuƙi a ƙanƙara cikin gari sau biyu lafiya lau. Hanya ta 80 kuwa ba ita muke marmari ba, kuma kuɗin masaukin ba a mayarwa.

Yayarku: Jariri ɗan wata tara? A wurin da waya take ɗaukewa na tsawon tafiya? Ka gaya wa mahaifiyarsa wannan kafin ku tashi, haƙƙinta ne ta sani.

Tsohon direba: Hajiya, tsoratar da shi ba zai hana shi tafiya ba. Malam, ka canja motar da mai ja da tayoyi huɗu, ka kira 511, lambar bayanin hanyoyi, da asuba ka ji halin hanya. Ka ɗauki barguna da ruwa da shebur. Idan kun maƙale kada ku bar motar, kuma kafin ka kunna hita ka tone bakin salansa, domin idan ƙanƙara ta toshe shi, iska mai guba marar wari tana shiga ciki ta kashe mutum yana barci. Sannan ka sani hanyar da ke hawa tsaunin Wheeler, a cikin gandun Great Basin, a rufe take daga sama duk hunturu, kogon kaɗai za ku samu.

Mai neman shawara: Na duba, motar mai ja da tayoyi huɗu ta fi ƙarfin aljihuna. Hasashen yanayi dai bai nuna guguwa ba zuwa yanzu. Idan muka tashi ƙarfe bakwai na safe, ba za mu isa Ely da sauran rana ba?