Canza tamostat a mota mai sufacaja a gida: wa ya taɓa yi da hannunsa?

Abban Sadiq, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Audi A6 ta 2012 mai injin 3.0 TFSI, irin wadda sufacaja, wato na'urar da ke matsa wa injin iska, ke zaune a saman injin. Kwanan nan allurar zafi ta daina tsayawa a 90. A cikin gari tana hawa daidai, amma da na hau titin Zariya na sakar mata ƙafa sai ta gangaro wajen 70. Mun sa kwamfuta, ta fito da lambar matsala P2181. Bakanikena ya ce tamostat ne, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi, ya maƙale a buɗe, kuma shawararsa a ƙwaƙule cikinsa a yar kowa ya huta, wai mu ba a ƙasar sanyi muke ba. Hankalina bai kwanta da wannan ba. Na sayi sabo, ina so in ɗaura da kaina ranar Asabar, ni da ƙanena. Duk wanda ya taɓa yin wannan aiki a gida, ko a wace irin mota ce mai sufacaja, don Allah ya faɗa mana abin da ya tarar.

Ɗan Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Malam, na yi a Audi Q7 ɗina, injinmu ɗaya. Aikin ba na tsoro ba ne, amma tamostat ɗin yana ƙarƙashin sufacaja, a kwarin da ke tsakanin kawunan injin biyu, babu ta inda hannu zai kai sai ka ɗaga ta. Ka bar motar ta kwana ta huce. Kafin ka taɓa sufana, ka wanke saman injin ko ka busa shi da iska, domin yashin da ya taru a gefen sufacaja yana jiran ka ɗaga ne ya zube cikin ramukan shan iska.

Sufacaja tana da bel nata daban, shi za ka fara saki. Sai tiyo biyu na ruwa da ke shiga ta gaba, sai bututun iska, sai wayoyi da 'yan siraran tiyo na baya. A nan ka ɗauki hoto da waya kafin ka zare kowanne, ko ka liƙa musu takarda da lamba. Noti shida ne suka riƙe ta. Tana da nauyi, mutum biyu za su ɗaga ta sama ɗoɗar, kada a ja ta gefe, a ajiye a kan kwali. Tana tashi za ka ga ramuka shida sun buɗe baki. Kafin ka yi komai ka toshe su da tsumma mai tsabta. In washa ɗaya ya faɗa ciki, maganar ta tashi daga tamostat ta koma sauke kan injin.

Abin da nake so ka ji da kyau shi ne, kada ka buɗe don tamostat kaɗai. Motarka ta haura shekara goma, duk robar da ke cikin kwarin nan ta sha wuta ta gaji. Bututun roba da ya gitta a gaban tamostat, nawa yana fitowa bakinsa ya ɓare a hannuna, gutsuren ya zauna cikin rami sai da na sa ƙugiya na zaƙulo. Akwai kuma PCV, wato matatar tururin baƙin mai, ita ma a nan take kwance, kuma ruwan injin yana ratsa ta. In ta tsage ruwa ya haɗu da mai. Ka sayi bututun, da PCV, da zobban roba shida na ƙarƙashin sufacaja, da duk wani orin, wato zoben roba, da za ka zare. Ka jijjiga fulin wata-famfo bayan ka saki bel ɗinsa, in yana wasa ko ka ga busasshen ruwa a ƙasansa, shi ma ya tafi.

Wajen ɗauri kuma ka ari sufanar da ke auna ƙarfi. Ƙusoshin tamostat 9 Nm ne a ma'aunin sufanar, notin sufacaja 20 Nm, ana ɗaure su a gicciye. Hannun da ya saba ɗaure taya ba ya jin 9.

Baba Makaniki, Kano

Yaro, bari in ɗan kare abokin sana'ata kafin in saɓa masa. Mu da muka koyi aiki a kan Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna a da, cire tamostat ba hauka ba ne a lokacin. Lagireto ya cushe da tsatsa, ruwan rijiya ake zubawa, tamostat ya maƙale a rufe a tsakiyar daji, direba ya ƙone gasket. Sai mu cire, mota ta kai fasinja gida. Kafireto ne, babu kwamfutar da za ta yi ƙorafi. Daga nan abin ya zama al'ada, yaran gareji suka gada ba tare da sun tambayi dalili ba.

Injin yanzu ba haka yake ba. Kwamfutar mota tana kallon zafin ruwa ne ta yanke yawan fetur. Muddin ta ga injin bai yi ɗumi ba, za ta yi ta ƙara mai, filogi ya yi baƙi, fetur ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Sannan tamostat na irin waɗannan motoci aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin. Ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, wani ruwan ya ƙi zuwa lagireto. Na ga motar da aka cire wa don gudun zafi, ta zo tana obahitin a go-sulo.

Abin da zan ƙara maka, jabu ya yi yawa. Kafin ka ɗaura, ka dafa ruwa a tukunya ka tsoma shi, da ma'aunin zafi a ciki. Naku ya kamata ya fara motsi wajen 87, in ya huce kuma ya koma ya rufe ruf. Kuma ban yarda da ɗan Beljiyom a wannan wuri ba. Ƙofa ko fitila ka saya tsohuwa, amma robar da ta riga ta yi shekarunta a wata motar, ba za ka kwance rabin injin don ita ba.

Maman Ilham, Jos

Baba ya faɗi gaskiya. Marsandi C180 Kompressor ɗina ta 2005 haka na saye ta, ashe babu komai a cikin gidan tamostat ɗin. Da zafi ban lura ba. Da sanyin Disamba ya shigo, in kai yara makaranta in dawo hita ba ta kawo ɗumi ba, ga shan mai, ga wutar injin a kunne, P0128. Ni da yayana muka yi a tsakar gida. Tamu da sauƙi, domin sufacajar Marsandi a gefe take, tamostat kuma yana gaban injin inda babban tiyon sama ya shiga. Abin da ya tsayar da mu kawai ƙusoshin masu kan tauraro ne, sai da aka je aka nemo soket ɗinsu. Yaya ya so ya shafa gam a bakin, na ce ai zoben roba ya zo da shi. Goge wurin muka yi tas muka ɗaura haka, har yau ko ɗigo. Yanzu kafin in fita unguwarmu allura ta kama hanya, tana zuwa wajen 90 ta tsaya.

Alhajin Gwarimpa

Tawa Range Rover Sport ce ta 2011, mai 5.0. A wannan injin tamostat yana gaba, ana canza shi ba tare da an ɗaga sufacaja ba, kuma nan mutane ke yaudarar kansu. Na canza shi da wata-famfo, ruwa bai daina raguwa ba. Ƙasa babu ɗigo, sai dai in na tsaya na kashe mota in ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi daga bonet. Da na haska tocila ta ƙarƙashin wuyan sufacaja sai ga busasshen kulan, wato ruwan sanyaya injin, ya yi ɓawo a kwarin injin. Bututun roba ne mai reshe biyu ya tsage a kan ɗinkinsa, ruwan yana zuba a wuri mai zafi yana ƙonewa kafin ya kai ƙasa. Akwai ɗan'uwansa a bayan injin, jikin bangon da ya raba injin da cikin mota. Dole aka ɗaga sufacajar, na sa na alminiyam a gaba, na baya ma na canza. Tunda tana ƙasa muka canza 'yar robar da ke cikin wuyanta, wadda ke ƙara kaf-kaf in mota tana tsaye a kunne.

Shawarata ga masu irin wannan: in allo ya rubuta ruwa ya yi ƙasa, ku faka a inda kuke. Kada ku ce bari in ƙarasa gida. Injin alminiyam ne, kuma allura tana iya zama a tsakiya har ɓarna ta riga ta faru, don in ruwa ya tsiyaye na'urar auna zafin ba ta cikin ruwa balle ta faɗi gaskiya.

Sabon Shiga

Tambaya ranka ya daɗe, dole sai kulan? Ni fiyawata nake zubawa.

Ɗan Tudun Wada

Dole ne, ɗan'uwa. Ba don ƙanƙara ba, don tsatsa da cin alminiyam, kuma yana ɗaga matakin tafasa. Ruwan burtsatse ya fi muni, dubi farin ɓawon da yake bari a gindin butar shayi, haka yake yi a siraran hanyoyin lagireto. Rabi kulan, rabi tataccen ruwa, irin na batir wanda babu asid a ciki. Ka karanta jikin robar da kyau, don akwai mai asid. Kuma kowace mota da nata: Audi G12++ ko G13, Marsandin Maman Ilham mai lamba 325.0, Range ɗin Alhaji mai ruwan lemo. Kada a gauraya don launi ya yi kama. Murfin tankin ruwa ma a canza, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya haura 120.

Abban Sadiq, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Mun gama jiya. Bututun gaban ya fashe kamar yadda aka faɗa, da ma na tanadi sabo. Tsohon tamostat ɗin na ɗaga shi a rana, haske yana wucewa ta gefen bakinsa, bai rufe ba sam. Yanzu allura tana 90 ba ta motsi. Amma ga sabuwa: da sanyin injin motar tana tashi kamar da, in na ɗan yi tafiya kuma na taka sai ta yi nauyi, ƙarfin ya ragu. Babu wutar da ta kama. Me na bari?

Ɗan Tudun Wada

Iska ce, Malam. Cikin sufacajar akwai ƙananan lagireto biyu masu sanyaya iskar da take matsawa, suna da famfonsu na lantarki da nasu lagireton a gaba. Su ne a can ƙololuwar duk hanyar ruwan, iska nan take taruwa. In ta taru, iskar da ke shiga injin ta yi zafi, kwamfuta ta rage wuta don kare fistin, allura kuwa ba ruwanta don ba wannan take aunawa ba. A saman sufacajar akwai 'yan sukurori biyu na roba. Da injin a sanyaye, cika tanki, sassauta su ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya fito babu kumfa, sannan ka mayar. A hankali fa, da yatsa biyu, kansu yana tsinkewa. Akwai wani wurin fitar da iskar a tiyon hita, ƙarƙashin robar da ke gindin gilashin gaba. Ka kunna hita har ƙarshe, ka bar ta ta yi zafi, ta huce, gobe da safe ka duba tanki ka ƙara.

Baba Makaniki, Kano

In ka yi haka sau biyu ba ta saki ba, ka sa kunne wajen ƙaramin famfon nan ka ji ko yana juyawa, ka duba ko kun mayar da soket ɗinsa. Idan yana aiki, nemi garejin da ke da na'urar da ke zuƙe iska ta cika ruwa, ka tafi da kulan ɗinka a but.