Kajina sun ƙi kwana a akurki, ƙwai kuma ya ragu

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Don Allah ina neman shawararku. Ina da kaji takwas masu ƙwai a bayan gida, akurkinsu na katako ne. A da, magariba na yi suke shiga da kansu su hau sanda. Yanzu kuwa sai an kora su, wasu ma sai an kama da hannu, in an bar su sai su kwana a kan katanga. Ƙwai ya ragu sosai, kuma zankon biyu daga cikinsu ya koɗe, ba ja kamar da ba. Suna cin abinci, ba mura, ba gudawa, ba wadda ta mutu. Na ɗaga fukafukansu da rana na duba, ban ga ƙwarƙwata ba. Maƙwabciyata ta ce in zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha, amma hankalina bai kwanta ba, tunda muna cin ƙwan har da yara. Abin yana damuna ƙwarai, ina son kajin nan. Me ke damun su?

Wani ɗan uwa:
Wa alaikumus salam. Kaza ba ta guje wa makwancinta haka kawai, wani abu ne ke takura mata da dare. Ki zagaya akurkin ki duba ko akwai rami a ƙasa ko ɓula a jikin waya. Ɓera, maciji ko muzuru duk suna iya tsorata su. In ramukan wayar suna da faɗin da yatsunki biyu za su shige, to ɓera ma zai shige.

Hajiya mai kiwo:
'Yata, abin da ɗan uwan nan ya faɗa gaskiya ne, ki duba. Amma koɗewar zankon nan ita ta fi jan hankalina. Tsoro ba ya rage wa kaza jini. Ni dai zargina ya fi ƙarfi a kan jar ƙumar kaji.

Dalilin da ya sa ba ki ga komai a jikinsu ba shi ne, wannan ƙwaron ba a jikin kaza yake zama ba. Halinsa irin na kuɗin cizo ne: da rana yana ɓoye a tsagar katako, da mahaɗar sanda da bango, da ƙarƙashin shimfiɗar gurbin ƙwai, sai dare ya yi ya fito ya sha jini ya koma. Girmansa bai fi milimita 1 ba. Kafin ya sha jini launinsa toka-toka ne, in ya sha sai ya yi ja. Kazar da ake tsotsar jininta kowane dare dole zankonta ya koɗe, ƙwai ya tsaya, kuma ta tsani wurin kwanan.

Ki gwada wannan yau da dare. Bayan duhu ya yi sosai ki ɗauki fitila da farin ƙyalle, ki goge ƙasan sandar da suke hawa, musamman bakinta inda ta haɗu da bango. In kin ga zanen ja a ƙyallen, kin sami amsarki. Ki kuma lura da bawon ƙwai, wani lokaci za ki ga ɗigo-ɗigon jini a jiki, wanda ƙumar da aka murƙushe ta bari.

Mai tambaya:
Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Na duba daren jiya, ƙyallen ya yi ja, kuma da na haska tsagar katakon sai na ga suna motsi. Hannuna ma ƙaiƙayi ya kwana yi. Ba rami ko ɗaya a ƙasa. Amma da na sunkuya ciki akwai wani wari mai yaji da ya sa idona ruwa. Ta ina zan fara?

Wani matashi:
Anti, ki samo baƙin mai na mota wanda aka juye, ki shafe katakon duka. Na ga ana yi, kuma ƙwarin suna mutuwa.

Malam likitan dabbobi:
Ƙanena, ka yi haƙuri, ban goyi bayan wannan ba. Man da aka juye daga inji yana ɗauke da guba. Kaza za ta taka shi, ta gyara gashinta da baki, ta haɗiye, kuma abin da ya shiga jikinta yana iya fitowa a ƙwan da yara za su ci.

Malama, na ji daɗi da ba ki zuba maganin da aka ce ba. Wancan na ƙwayoyin cuta ne, ba ya taɓa ƙuma ko kaɗan, sai dai ya bar saura a cikin ƙwai. Kuma ki kiyayi maganin ƙuma na karnuka da kyanwa, da maganin feshin gona. A shekarar 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai saboda an sami sinadarin fipronil a cikinsu, kuma asalin abin shi ne an yi amfani da shi a gonakin kaji na Holan da Beljiyam don yaƙar wannan jar ƙumar. Ki nemi maganin da aka rubuta a jikinsa cewa na kaji masu ƙwai ne, ki karanta kwana nawa aka ce a dakata da cin ƙwan, ki bi.

Amma babban aikin a akurkin yake. Da safe ki fitar da kajin, ki kwashe shimfiɗar gaba ɗaya, har ta gurbin ƙwai, ki ƙone ta ko ki ɗaure a buhu ki kai nesa. Kada ki zube ta a gefen akurki, za su dawo da ƙafarsu. Ki cire sanduna da duk abin da ke ciruwa, ki kankare busasshen kashi, ki wanke da sabulu da buroshi, sannan ki bi kowace tsaga da tafasasshen ruwa. Zafi yana kashe su har da ƙwayayensu. Ki bar wurin ya bushe ƙarau kafin ki sa magani da sabuwar shimfiɗa.

Inda mutane da yawa ke faɗuwa shi ne yin aikin sau ɗaya. Daga ƙwan ƙuma zuwa babbar ƙuma kamar kwana 7 ne in akwai ɗumi, don haka waɗanda suka tsira a cikin tsaga za su cike gurbi cikin mako guda. Ki maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, ki sake maimaitawa, har sai farin ƙyallen ya riƙa fitowa fes.

Warin da ya sa idonki ruwa kuwa iskar amoniya ce, daga jiƙaƙƙen kashi take tashi. Ke tsugunawa kawai kika yi, su a ciki suke kwana. Tana lalata musu ido da hanyar numfashi, ta buɗe ƙofa ga mura. Maganinta iska da bushewa: a buɗe tagogi a sama kusa da rufi, a rufe su da waya mai ƙananan ramuka, yadda iska za ta wuce ta saman kansu ba tare da ta buge su ba. A riƙa kwashe kashin ƙarƙashin sanda kullum, a ɗaga mazubin ruwa don kada ya riƙa jiƙa shimfiɗa.

Hajiya mai kiwo:
In ƙara a kan na Likita. Ki tanadar musu wurin birgima inda ruwan sama ba ya taɓawa, yashi mai laushi gauraye da tokar itace mai tsabta. Shi ne wankansu, kuma yana rage ƙwarin jiki. Sannan ki yi haƙuri da ƙwan, ba zai dawo rana ɗaya ba, sai jininsu ya dawo. Ki ba su abincin masu ƙwai na gaske, mai furotin kamar kashi 16 cikin 100, kada ragowar abincin gida ya fi yawa. Ki ajiye dakakken bawon kawa (wata halittar ruwa mai bawo) a kwano daban, don kowane bawon ƙwai yana cin kusan giram 2 na sinadarin kalsiyam daga jikin kaza. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. Biyun nan da suka koɗe, in kin ga ɗaya ta takure ta daina ci, kada ki jira, ki kai ta a duba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Tambaya ɗaya ta rage, Likita. In na mayar da kajin wani ɗaki na bar akurkin babu kowa na wata ɗaya, yunwa ba za ta kashe ƙumar ba? Kuma ina mamakin ta ina suka shigo.

Malam likitan dabbobi:
Ba za ta kashe su ba, Malama. Suna iya zama wata 8 ko fiye ba su sha jini ba, suna jira a cikin katako. Ki mayar da kajin wani wuri na ɗan lokaci in kina da shi, zai ba su hutu, amma wankin da maganin ba makawa. In kin gama, ki toshe tsagogin katakon ki shafa fenti, ki rage musu maɓoya. Shigowa kuwa, galibi ta tsuntsayen da ke sheƙa a rufi ne, ko tsohon keji da kwalin ƙwai da aka kawo daga wani wuri, ko sabuwar kaza. Duk wadda kika sayo nan gaba, ki ware ta mako 2 zuwa 4 kafin ki haɗa ta da sauran. Kuma ranar wankin ki sa safar hannu da riga mai dogon hannu, in kin gama ki wanke kayan da ruwan zafi kafin ki shiga da su ɗaki.