Asalin Ikko da Badagiri: shawarwarin da aka bayar

Da muka zauna kan tarihin garuruwan bakin teku na kudu, shawarar da ta fi rinjaye ita ce kada a fara labarin daga zuwan Turawa. Masunta ’yan Awori, wani reshe na Yarbawa, ne suka fara zama a tsibirin Ikko, daga baya Masarautar Binin ta kafa sansani a wurin. Sunan Legas kuwa ’yan Fotugal ne suka laƙa, Ingila ba ta karɓe garin ba sai 1861.

Wasu suka ce karatu kaɗai ba ya isa, a je Badagiri a ɗaga sarƙoƙin bayi a ji nauyinsu, a tsallaka ruwa zuwa tsibirin Gberefu inda a da ake loda bayi a jirgi. Ni wannan shawarar ta fi taɓa min zuciya.

Labarin dattawa kuma a saurara, amma a gwada na gidaje da yawa.