Da me ake farawa wajen kafa ikilisiyar matasa a Kano?

Ɗan Badawa:
Salama gare ku. Akwai matasa kusan 20, 'yan shekara 18 zuwa 30, da ke taruwa nazarin Littafi Mai Tsarki kowace Alhamis, ana so taron ya zama ikilisiya. Rajista za a fara nema, ko wuri, ko fasto?

Dattijon Sabon Gari:
Ɗana, ku fara da neman uwar ikilisiya. Ku je wa ECWA, HEKAN, COCIN ko Baptist, duk wadda koyarwarta ta yi daidai da taku, ku roƙa a karɓe ku. A ECWA sabon taro yakan fara ne a matsayin gidan addu'a ƙarƙashin wata majami'a, sai ya yi ƙarfi a ba shi hukumar dattawansa. Ta haka za ku samu naɗaɗɗen fasto da zai yi baftisma, ya ba da jibin Ubangiji, ya ɗaura aure, kuma in rikici ya tashi akwai inda za a kai ƙara. Sannan ku ƙirga mutanenku da kyau. Ɗalibin Jami'ar Bayero (BUK) yana tafiya gida hutu, mai bautar ƙasa shekara ɗaya ce ya wuce. In babu mutum 8 ko 10 mazauna Kano masu sana'a a hannu, taron zai watse a hutun farko.

Maman Zumunta:
Gaskiyar Baba ce, amma ni maganar kuɗi ta fi damuna. Tun Lahadin farko mutum 2 su ƙirga baiko tare, su rubuta a littafi, su sa hannu. Mai wa'azi kada ya riƙe jaka. A karanta rahoton kuɗi gaban jama'a kowane wata. In kuma kun nace sai kun tsaya da ƙafarku, dokar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAMA) ta 2020 ta tanadi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni (CAC): amintattu aƙalla 2, kundin tsarin mulki, sanarwa a jaridu 2, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Banki zai nemi takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram, kafin ya buɗe asusu da sunan ikilisiya. Kada baiko ya shiga asusun mutum ɗaya ko da na mako guda ne, daga nan zargi ke somawa.

Malamin Brigade:
Kan wuri, ɗan'uwa, kada ku yi hanzarin gini. Gini yana buƙatar izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, kuma mayar da gidan zama majami'a ba tare da izini ba shi ke jawo a rufe wurin. Ku ari aji a makarantar wata ikilisiya, ko ku roƙi majami'arsu da yamma bayan an tashi sujada, kamar ƙarfe 3 zuwa 5. In haya ce, a rubuta a yarjejeniya cewa don sujada ne. Ku gai da mai unguwa, ku sanar da reshen CAN, Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya. Lasifika ta tsaya a cikin ɗaki, a sassauta ganga lokacin kiran salla, Juma'a da rana kuwa a bar taro. Tun harin da aka kai wa masu sujada a BUK a 2012 ba a wasa da tsaro, don haka mutum 2 su tsaya ƙofa suna duba jaka. Wurin ya zama inda adaidaita sahu ɗaya zai kai mutum, domin ɗalibi ba zai biya hawa biyu kowace Lahadi ba.