Neman kalma: me za mu ce wa "bolting" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe za a naɗi shirin rediyo kan shukar wuri ta ganyen ƙamshi, su koriyanda da fasili da daddoya, yadda manomi zai riga kowa kai ganye kasuwa tun farashi na sama. Kalmar "bolting" ce ta hana ni gamawa. A taimaka.

Malamin Gona: Wa'alaikumus salam. Nufinta shuka ta bar yin ganye, ta miƙe da kara a tsakiya ta yi fure tun ba a yanke ta ba. Koriyanda ta fi yin haka: zafi ya kai digiri 30, ko ƙasa ta bushe, ko an dasa ta an taɓa saiwarta, sai ganyen ya sirance, ɗanɗanon ya canza, mai saye ya wuce. Amfanin shukar wurin ke nan, a yanke cikin kwana 40 zuwa 50 kafin zafi ya kankama. Ni "fitar da kai" zan ce.

Baba Lambu: A'a malam, fitar da kai na gero da dawa ne, kuma murna ake yi. Wannan asara ce. A lambu "ya tsufa" ake cewa.

Ɗan Nahawu: "Gudun-fure". Gajeriya ce, tana da hoto, kuma tana bin tsarin harɗaɗɗun kalmomi.

Malamin Gona: Wanda ya ji gudun-fure zai ɗauka furen ake gudu.

Ɗan Nahawu: Da amfani kalma ke zama. Kuma wai "koriyanda" Hausa ce da kuke damuwa da tawa? Ranar da muka daina ƙirƙira muka koma aro, harshen ya mutu.

Baba Lambu: Ranka ya daɗe, "rediyo" fa? Manomi ba ƙamus yake riƙe da shi ba, fartanya ce.

Ɗan Nahawu: Raina ilimi ne wannan.

Malamin Gona: Mu dawo kan aiki. "Tsufa" ma tana da gyara, don fasili shekara biyu yake, sanyi ne ke tura shi fure, ba yawan kwanaki ba. Daddoya kuwa cire kan furen ake yi da yatsa ta ci gaba da ganye. Ki faɗa wa masu sauraro su murza ƙwayar koriyanda ta rabe biyu, su shuka a zurfin santimita 1, kai tsaye a kwami, a riƙa sake shuka duk mako 2 zuwa 3.

Mai Fassara: To zan ce "tsufan wuri, wato yin fure kafin a yanka". Na gode.

Ɗan Nahawu: Jimla ce wannan, ba kalma ba. Amma tunda gobe ne, ki saka. Zan dawo da gudun-fure.